Shari'ar Fyaɗe A Makarantun Horar Da Hafsoshin Sojan Amurka: Wa Ke Da Ikon Gurfanarwa, Kuma Wane Haƙƙi Ɗalibi Yake Da Shi?

A ƙarshen watan Disamba na shekarar 2023 ne wani sabon tsari ya fara aiki a rundunonin sojan Amurka, wanda Fadar White House ta bayyana a matsayin sauyi mafi girma da aka yi wa shari'ar soja tun bayan kafa kundinta a 1950. Daga wannan lokaci, idan aka zargi soja da fyaɗe ko wani nau'in cin zarafi ta hanyar lalata, kwamandansa ba shi da ta cewa kan ko a gurfanar da shi ko a bar maganar. Ikon ya koma hannun wasu lauyoyin soja na musamman waɗanda ba sa karɓar umarni daga kwamandan mai ƙara ko na wanda ake ƙara.

Sauyin ya shafi duk mai sanye da kakin soja, amma yana da ma'ana ta daban a makarantun horar da hafsoshi. A can, shugaban makaranta, wanda babban janar ne ko takwaransa na sojan ruwa, ya daɗe yana ɗauke da nauyi biyu masu cin karo da juna: shi ne mai kare martabar makarantar, shi ne kuma mai yanke shawarar ko ɗalibinta zai tsaya gaban kotu bisa zargin da zai iya zubar da wannan martaba.

Ɗalibi a aji, soja a gaban doka

Gwamnatin tarayyar Amurka tana da manyan makarantu biyar masu yaye hafsoshi. Akwai ta sojan ƙasa da ke West Point a jihar New York, wadda aka kafa a 1802, da ta sojan ruwa da ke Annapolis a jihar Maryland, wadda aka kafa a 1845, da ta sojan sama da ke kusa da Colorado Springs, wadda aka kafa a 1954. Sai ta dakarun tsaron gaɓar teku da ke New London a jihar Connecticut, da kuma ta jami'an jiragen ruwan kasuwanci da ke Kings Point a New York. A huɗun farko, gwamnati ke ɗaukar nauyin karatun na shekara huɗu, har ma tana biyan ɗalibi ɗan albashi, shi kuma ya yi wa ƙasa aiki na aƙalla shekara biyar bayan ya kammala. Mata sun fara shiga West Point da Annapolis da Colorado Springs a 1976, bayan Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta buɗe musu ƙofa a watan Oktoban 1975, kuma rukuninsu na farko ya fita a 1980.

Abin da ya bambanta waɗannan ɗalibai da na sauran jami'o'i shi ne matsayinsu a idon doka. Ɗalibin makarantu huɗun farko soja ne da ke bakin aiki tun ranar da ya yi rantsuwa, don haka kundin shari'ar soja da ake kira UCMJ ne ke hukunta shi. Sashe na 120 na kundin shi ne ya tanadi laifukan fyaɗe da sauran nau'o'in cin zarafi ta hanyar lalata. Haka kuma dokar 1972 da aka fi sani da Title IX, wadda ke ba ɗaliban jami'o'in farar hula damar riƙe makarantarsu da laifi idan ta yi sakaci da ƙorafinsu, ta ware makarantun horar da sojoji daga cikin waɗanda take aiki a kansu. Wannan matsayi na soja shi ne tushen kusan duk haƙƙin da ɗalibi yake da shi, shi ne kuma tushen wanda ya rasa.

Abin da alƙaluma ke nunawa

Duk bayan shekara biyu Ma'aikatar Tsaron Amurka kan gudanar da binciken jin ra'ayi a West Point da Annapolis da Colorado Springs, inda ɗalibai ke amsa tambayoyi ba tare da bayyana sunayensu ba. A binciken shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022, kashi 21.4 cikin 100 na ɗalibai mata da kashi 4.4 cikin 100 na maza sun ce an taɓa su ta hanyar lalata ba da yardarsu ba, kama daga shafa har zuwa fyaɗe. Ma'aikatar ta ƙiyasta cewa adadinsu ya kai 1,136, alhali waɗanda suka kai rahoto a hukumance ba su wuce kashi 14 cikin 100 na wannan adadi ba. A binciken da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, alƙaluman sun sauko zuwa kashi 13.3 ga mata da kashi 3.6 ga maza, ƙiyasin mutum 783.

Dalilan yin shiru suna cikin yanayin rayuwar makarantar. Mafi yawan waɗanda ake zargi 'yan'uwa ɗalibai ne, waɗanda ake kwana a bariki ɗaya da su, a ci abinci a zaure ɗaya, a yi fareti a layi ɗaya. Ɗaliban manyan azuzuwa suna da iko a kan na ƙasa da su. Sau da yawa lamarin kan haɗa da shan barasa, kuma doka ta haramta shan ta ga wanda bai kai shekara 21 ba, saboda haka ɗalibar da ta kai ƙara tana iya tona nata laifin da bakinta. Barin makarantar ma ba abu ne mai sauƙi ba, domin wanda ya fice bayan ya shiga shekara ta uku ana iya tilasta masa ya biya kuɗin karatunsa ko ya yi aiki a matsayin ƙaramin soja.

Hanyoyi biyu na kai rahoto

Badaƙalar da ta fara girgiza makarantun ta ɓarke ne a 2003 a makarantar sojan sama, lokacin da ɗalibai mata na da da na lokacin suka fito suka ce an yi watsi da ƙorafinsu, wasu ma an hukunta su bayan sun kai ƙara. An sauke manyan shugabannin makarantar. Kwamitin da tsohuwar 'yar majalisa Tillie Fowler ta jagoranta ya gano cewa an samu zarge-zarge 142 a makarantar tsakanin 1993 da 2002. Bayan shekara biyu, a 2005, Ma'aikatar Tsaro ta kafa ofishi na musamman don yaƙi da wannan matsala, ta kuma fito da hanyoyi biyu na kai rahoto.

Hanya ta farko ita ce rahoton sirri. Wanda abin ya shafa zai sanar da jami'in da aka keɓe don wannan aiki ko ma'aikacin lafiya, ya samu magani da shawarar ƙwararru, a kuma adana shaidar da aka ɗauka daga jikinsa, ba tare da an buɗe bincike ko an faɗa wa kwamanda sunansa ba. Yana iya sauya ra'ayi daga baya ya mayar da shi rahoton fili. Hanya ta biyu ita ce rahoton filin, wanda ke wajabta miƙa lamarin ga hukumar binciken laifuka ta rundunar, kamar CID a sojan ƙasa, NCIS a sojan ruwa, ko OSI a sojan sama. Kwamanda ba shi da ikon gudanar da nasa binciken a cikin gida. Tun daga 2019 an ƙara wani tsari da ke ba mai rahoton sirri damar shigar da sunan wanda yake zargi a wata ɓoyayyiyar ma'ajiyar bayanai. Idan sunan ya sake fitowa daga bakin wani, sai a sanar da shi ya yanke shawarar ko zai fito fili.

Darasin Annapolis

Shari'ar da ta fi sauya dokokin ita ce wadda ta taso daga Annapolis. Wata ɗaliba ta zargi 'yan wasan ƙwallon makarantar su uku da yin lalata da ita a wajen wani shagali da aka yi a wani gida da ke wajen makaranta a watan Afrilun 2012, lokacin da ta sha ta bugu har ba ta iya tuna abin da ya faru sosai. A ƙarshen watan Agustan 2013 aka fara zaman share fage da sashe na 32 na kundin ya tanada, wanda ake yi kafin a kai kowace babbar tuhuma kotu. Lauyoyin waɗanda ake zargi sun shafe fiye da sa'a 20 cikin kwanaki biyar suna yi mata tambayoyi, har da waɗanda suka shafi tufafinta na ciki da rayuwarta ta sirri.

Babu wanda aka samu da laifi a ƙarshe. An sallami ɗaya tun kafin shari'a. An janye tuhumar na biyu bayan alƙali ya ƙi karɓar bayanan da ya yi wa masu bincike, saboda ba a sanar da shi haƙƙinsa na yin shiru ba. Na uku kuma alƙalin soja ya wanke shi a watan Maris na 2014. Sai dai irin tambayoyin da aka yi wa ɗalibar sun tayar da hankalin 'yan majalisa daga jam'iyyun biyu. Dokar kasafin tsaro da aka sa wa hannu a watan Disamban 2013 ta taƙaita zaman share fagen ga tambaya ɗaya babba, wato ko akwai dalilin da zai sa a yi zaton an aikata laifin, ta kuma ba mai ƙara 'yancin ƙin bayyana a wurin.

Wannan doka ta zo da wasu haƙƙoƙi. Ta wajabta wa kowace runduna ta ba wanda aka ci zarafinsa lauyansa na kansa kyauta, lauyan da ba na gwamnati yake wa aiki ba, tsarin da sojan sama suka fara gwadawa a watan Janairun 2013. Ta rubuta haƙƙoƙin mai ƙara a cikin kundin: a sanar da shi ranakun zama, a bar shi ya halarta, a saurare shi a lokacin yanke hukunci, a kuma kare shi daga wanda yake zargi. Ta kuma tanadi cewa duk wanda aka samu da laifin fyaɗe, dole a kore shi daga aikin soja korar wulaƙanci, ban da ɗaurin da kotu za ta yanke. Daga baya Majalisa ta ƙara wa ɗaliban makarantun damar neman a mayar da su wata makarantar soja, ta kuma umarci a daina hukunta mai ƙara kan ƙananan laifuka irin su shan barasa da suka fito fili saboda rahoton da ya kai.

Taƙaddamar ikon kwamanda

Babbar tambayar da ta rage ita ce ta ikon kwamanda. A watan Fabrairun 2013, Laftanar Janar Craig Franklin ya soke hukuncin da kotun soja ta yanke wa wani matuƙin jirgin yaƙi a sansanin Aviano da ke Italiya, bayan ta same shi da laifin cin zarafi ta hanyar lalata. Doka ta ba shi wannan iko a lokacin, kuma Majalisa ta ƙwace shi a kan manyan laifuka kafin shekarar ta ƙare. Sanata Kirsten Gillibrand ta jihar New York ta nemi a wuce nan, a cire shawarar gurfanarwa gaba ɗaya daga hannun kwamandoji. A watan Maris na 2014 ƙudurinta ya samu ƙuri'a 55 a Majalisar Dattawa, ya gaza kai 60 da ake buƙata.

Masu adawa da ƙudurin, ciki har da manyan hafsoshi da Sanata Claire McCaskill, wadda tsohuwar mai gabatar da ƙara ce, sun kafa hujja da cewa kwamandan da aka ɗauke wa wannan nauyi zai ɗauka matsalar ba tasa ba ce. Sun ƙara da cewa kwamandoji kan kai wasu ƙararraki kotu waɗanda lauyoyi za su ƙi ɗauka saboda raunin shaida. Shari'ar Annapolis kanta misali ce: jami'in da ya jagoranci zaman share fage ya ba da shawarar kada a je kotu, amma shugaban makarantar ya tura mutum biyu. Magoya bayan sauyin kuwa sun ce kwamanda ba lauya ba ne, kuma muddin ya san wanda ake zargi ko yana da muradi a sakamakon, sojan da aka zalunta ba zai yarda da tsarin har ya buɗe baki ba.

Kisan Vanessa Guillén, wata matashiyar soja a sansanin Fort Hood da ke Texas a watan Afrilun 2020, wadda ta taɓa gaya wa iyalinta cewa ana takura mata da maganganun lalata, shi ne ya karya lagon masu adawa. A 2021 Sakataren Tsaro Lloyd Austin ya kafa kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin Lynn Rosenthal, wanda ya ba da shawarwari 82. Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar sauyin a ranar 27 ga Disamban 2021, aka kuma ba rundunoni shekara biyu su shirya.

Yadda sabon tsarin yake aiki

Kowace runduna yanzu tana da ofishin masu gabatar da ƙara na musamman. A sojan ƙasa da na ruwa da na sama, babban hafsan da ke jagorantar ofishin yana kai rahoto ne kai-tsaye ga sakataren rundunar, wanda farar hula ne. Laifukan da ke ƙarƙashinsa sun haɗa da fyaɗe, kisan kai, satar mutane, cin zarafi a cikin gida, yaɗa hotunan tsiraici ba da izini ba, da ramuwar gayya a kan wanda ya kai ƙara. Tun daga watan Janairun 2025 an ƙara da takura wa mutum da maganganu ko halayen lalata. Idan ofishin ya ce a je kotu, kwamanda ba zai hana ba. Idan ya ƙi ɗaukar ƙarar, kwamanda ba zai iya kai wannan tuhuma babbar kotun soja ba, amma yana iya ɗaukar matakin ladabtarwa. A makarantun, hakan na nufin shugaba yana nan da bakin magana kan ko ɗalibi zai ci gaba da karatu ko a kore shi.

Sabon tsarin bai yi alƙawarin ƙarin gurfanarwa ba. Ƙa'idar da lauyoyin ke bi ita ce su duba ko shaidar da kotu za ta karɓa ta isa a samu mutum da laifi, hukuncin kuma ya tsaya a ɗaukaka ƙara. A irin waɗannan shari'o'i, inda sau da yawa babu shaidar gani da ido, wannan ma'auni yana da tsauri.

Haƙƙin wanda ake tuhuma

Shi ma wanda ake zargi doka ta kare shi. Sashe na 31 ya wajabta a sanar da shi laifin da ake zarginsa da shi da kuma 'yancinsa na yin shiru kafin a yi masa tambaya. Ana ba shi lauyan soja kyauta, yana kuma iya ɗaukar na farar hula da kuɗinsa. Yana iya zaɓar alƙali shi kaɗai ya saurari shari'arsa, ko kwamitin hafsoshi takwas. Idan ya zaɓi kwamitin, amincewar shida daga cikinsu ta isa a same shi da laifi, saɓanin kotunan farar hula inda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2020 cewa sai bakin dukkan masu taya alƙali ya zo ɗaya a manyan laifuka. Babbar kotun ɗaukaka ƙara ta soja ta yanke a 2023 cewa wannan ƙa'ida ba ta shafi kotun soja ba.

Kundin ya kuma haramta wa manya yin katsalandan a shari'a, ko da da kyakkyawar niyya ce. A watan Mayun 2013 Shugaba Barack Obama ya bayyana cewa ya kamata a gurfanar da masu irin wannan laifi, a kuma kore su korar wulaƙanci. Wani alƙalin sojan ruwa a Hawaii ya ɗauki furucin a matsayin matsin lamba daga babban kwamandan askarawa, ya hana a yanke hukuncin kora a shari'o'i biyu da ke gabansa.

Ƙofar da har yanzu take rufe

Duk waɗannan gyare-gyare sun shafi shari'ar laifi ne. Neman diyya daga gwamnati kuwa yana nan a toshe saboda hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 1950 a shari'ar Feres, wadda matar wani hafsa da ya mutu a gobarar bariki ta shigar. Kotun ta ce soja ba zai iya ƙarar gwamnati ba kan cutar da ta same shi a dalilin aikin soja, kuma ƙananan kotuna sun faɗaɗa ma'anar wannan dalili har ya mamaye kusan duk rayuwar bariki. Wata tsohuwar ɗalibar West Point, wadda aka sakaya sunanta, ta ce wani ɗalibi ya yi mata fyaɗe a harabar makarantar a shekararta ta biyu, ta kuma zargi hukumar makarantar da sakaci. Kotuna sun kori ƙararta bisa hujjar Feres, kuma a watan Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙararta. Mai shari'a Clarence Thomas kaɗai ya rubuta rashin amincewa, yana mai cewa kuskure aka yi tun a 1950, kuma yana da wuya a fahimci yadda fyaɗe zai zama ɓangaren aikin soja.

Makarantu biyu da ke gefe

Makarantar New London tana ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. A watan Yunin 2023 tashar CNN ta bankaɗo cewa rundunar tsaron gaɓar teku ta gudanar da wani bincike na sirri tun daga 2014, mai suna Operation Fouled Anchor, wanda ya tabbatar da aukuwar cin zarafi 62 a makarantar daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 2006, amma ba a sanar da Majalisa ba. Mafi yawan waɗanda aka zarga ba su fuskanci shari'a ba. Daga cikin abin da ya kawo cikas akwai hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ta soja na 2018, wanda ya ce tuhumar tsofaffin laifukan fyaɗe tana faɗuwa bayan shekara biyar. Kotun Ƙoli ta rushe wannan fahimta a watan Disamban 2020 a shari'ar Briggs, amma a lokacin an riga an rufe binciken. Shugabar rundunar, Admiral Linda Fagan, ta nemi afuwa a gaban Majalisa, kuma yadda aka tafiyar da lamarin yana cikin dalilan da gwamnati ta bayar lokacin da aka sauke ta a watan Janairun 2025.

Ita kuwa makarantar Kings Point tana ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri, kuma kotun soja ba ta hukunta ɗalibanta yadda take yi wa na sauran. Ɗalibanta kan shafe watanni a cikin jiragen ruwan kamfanoni a tsakiyar teku, nesa da kowace hukuma. A 2021, bayan wata ɗaliba ta bayyana yadda ta ce wani babban ma'aikacin jirgi ya yi mata fyaɗe, an dakatar da wannan horo na ɗan lokaci, an kuma gindaya wa kamfanonin sabbin sharuɗɗan tsaro.

Ofisoshin masu gabatar da ƙara na musamman ba su daɗe da fara aiki ba, kuma shari'o'in da suka ɗauka sai sun bi matakan ɗaukaka ƙara kafin a san ingancinsu. Ma'aunin da Majalisa da hukumomin makarantun za su ci gaba da dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin lambobi biyu: adadin ɗaliban da ke cewa an ci zarafinsu a takardar da ba ta ɗauke da suna, da adadin waɗanda ke amincewa su sa sunansu a takardar ƙara.